Haɗa fayilolin girka manhaja a z/OS: XMIT ya isa, ko sai an bi ta SMP/E?

Nafi'u: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman taimakon manya. An ba ni aikin haɗa wata manhajarmu ta cikin gida da ke kan z/OS, tsarin gudanarwa na manyan kwamfutocin IBM, a kai wa wata cibiya da muke aiki tare, su girka a tasu babbar kwamfutar. Kayan ba su da yawa: laburare ɗaya na furogiram ɗin COBOL da aka riga aka sarrafa, ɗaya na JCL, wato umarnin gudanar da aiki, ɗaya na rubutun furogiram na REXX, sai 'yan fayiloli a ɓangaren UNIX. Na yi wa laburaren farko XMIT, wato na naɗe shi ya zama fayil ɗaya da umarnin TRANSMIT, wani abokin aiki ya sauke shi a kwamfutarsa ya tura musu. Da suka buga RECEIVE, umarnin buɗe shi, sai ga saƙon INMR921I, wai fayil ɗin bai yi kama da wanda TRANSMIT ya fitar ba. A wajena kuwa lafiya lau yake buɗewa. Me ya same shi a hanya? Na biyu, shugaban sashenmu ya ce in duba ko za a bi ta SMP/E, manhajar IBM ta girka kaya da riƙe tarihin gyare-gyarensu. Ni dai a ganina ɗora wa kai wahala ce.

Anti Rabi: Wa alaikumus salam. Nafi'u, kafin komai ka ce wa abokin aikin naka ya duba girman fayil ɗin da ke kwamfutarsa, a bayit, ba a kilobayit ba. Ya raba da 80. In akwai saura, an taɓa shi. Fayil ɗin XMIT layuka ne masu tsawon bayit 80 daidai, har na ƙarshe ma ana cike shi ya kai 80.

Su kuma can su buɗe nasu a ISPF, allon duba fayiloli na z/OS, su kalli layin farko. Ya kamata su ga INMR01 daga farko-farkonsa. In sun ga tarkace, an wuce da shi ta tsarin rubutu maimakon bainari. In kuma INMR01 ɗin na nan amma RECEIVE ya ƙi, su duba siffar fayil ɗin da aka zuba shi a ciki. FTP kan ƙirƙiro fayil da siffar da aka saita masa a cibiyar, sau da yawa mai layuka marasa tsayayyen tsawo. Dole ya zama FB, wato mai tsayayyen tsawon layi, bayit 80. Wannan mai sauƙi ne, sake lodawa kawai za a yi. A FTP sai a buga binary, sannan quote site recfm=fb lrecl=80 blksize=3120, sannan put.

Nafi'u: Na gode Anti. Na tambaye shi. Bai rabu da 80 ba. Ya ce manhajar da ya sauke da ita ita ta zaɓi tsarin da kanta.

Anti Rabi: To shi ke nan, wancan kwafin ya mutu, kada su ɓata lokaci wajen gyara shi. A sake saukewa daga tushe.

Issoufou: Anti, ni ɗalibi ne, a yi min afuwa. Me zai hana a juya shi baya? In an fassara shi daga EBCDIC, tsarin haruffan babbar kwamfuta, zuwa ASCII na ƙananan kwamfutoci, ai sai a sake fassara shi ya koma.

Anti Rabi: Da rubutu ne zalla da an yi. A EBCDIC harafin A shi ne C1, a ASCII kuma 41, duka a lissafin hex. Tazara 40 ce a can, 20 a nan. Wannan duk yana komawa. Amma furogiram da aka sarrafa umarnin inji ne, bayit ɗinsa ba haruffa ba ne. Mai fassarar bai san haka ba, kowanne ya tarar sai ya musanya shi, ya ƙara alamar ƙarshen layi bayan kowane layi, wani lokaci ya yanke abin da ya ɗauka tazara ce a ƙarshe. Idan teburin da aka fassara da shi wajen fita ba shi ne na wajen shiga ba, wasu bayit ɗin ba za su taɓa dawowa yadda suke ba. Ba ka so ka gano hakan ranar da furogiram ɗin ke tsakiyar lissafin kuɗin mutane.

Malam Garba: Rabi ta gama da tambayar farko, ba ni da ƙari. Ta biyun ce ta fito da ni, domin yaron nan ya kira SMP/E wahala.

Nafi'u, XMIT na kai kaya. Ba ya tuna abin da ya kai. Yau ka tura musu furogiram ashirin. Nan da wata biyu ka gyara uku ka sake turawa. Wani a can ya karɓi biyu ya manta ɗaya, ko ya karɓa a na'urar gwaji bai kai ta aiki ba. Bayan shekara su kira ka da tsakar dare su ce abu ya faɗi. Tambayarka ta farko ita ce, wane mataki kuke kai? Ba mai amsa maka. Za ku zauna kuna kwatanta ranakun mambobi ɗaya bayan ɗaya.

Abin da SMP/E ke yi ke nan. Yana da kundinsa, CSI, mai yanki uku: na gaba ɗaya, na laburaren da ake aiki da su, da na laburaren ajiya. Nasa RECEIVE ɗin ya shigo da kayan ya rubuta cewa sun iso. APPLY ya zuba su inda za su yi aiki. ACCEPT ya kai su ajiya bayan an gamsu. Muddin ba ka yi ACCEPT ba, RESTORE zai mayar da kai inda kake jiya. Kafin APPLY na gaske kuma akwai APPLY CHECK, wanda zai gaya maka abin da zai faru ba tare da ya taɓa komai ba. Kowane faci, wato PTF, yana ɗauke da sunayen facin da dole su riga shi da waɗanda ya maye gurbinsu. In mutumin can ya tsallake ɗaya, SMP/E zai ƙi. Ba roƙonsa za ka yi ba, na'ura ce za ta hana shi.

Kamar ka ba direba kaya a tasha ne. Wani ya ɗora buhuna ya ce a kai Zariya. Wani ya ɗora tare da takarda mai cewa buhu nawa ne, me ke cikin kowanne, wa ya karɓa. Duka za su isa. Ranar da aka ce ɗaya ya ɓace ne za ka san bambancinsu.

Anti Rabi: Malam, Allah ya ƙara girma, ba na musun ko ɗaya daga cikin abin da ka faɗa. Amma ka faɗa masa kuɗin abin ma. Sai ya samar wa manhajar FMID, wato lambar shaida mai harafi bakwai, wanda ba zai yi karo da na wani ba. Sai ya rubuta MCS, bayanin kayan da SMP/E ke karantawa: ++FUNCTION da ++VER da layin kowane mamba, ++MOD ko ++PROGRAM ko ++SAMP. Sai ya jera laburarensa a matsayin RELFILE, F1, F2, F3. Sai ya rubuta JCL na ƙirƙirar CSI da DDDEF da laburaren aiki da na ajiya. In ya zaɓi a riƙa haɗa furogiram ɗin a can, ga JCLIN na jiransa. Daga ranar kuma kowane ɗan gyara sai an naɗe shi a matsayin PTF, ba wai a kwafa mamba a wuce ba. Duk wannan don laburare uku?

Kuma mu faɗi gaskiya, a yawancin wuraren da na sani SMP/E na masu kula da tsarin ne, don z/OS kanta da CICS da Db2 da kayan da aka saya daga kamfanoni. Furogiram ɗin kasuwanci na cikin gida ba ta nan suke bi ba. Endevor ko ChangeMan ke riƙe su, yanzu kuma wasu sun koma Git. Tarihin da kake nema yana can.

Malam Garba: Yana can a gidansu Nafi'u. Endevor ɗinsu bai san abin da ke kan faifan waccan cibiyar ba. Da zarar kaya sun bar gidanka sun shiga na wani, kai mai sayar da manhaja ne ko ba ka karɓi sisi ba.

Anti Rabi: Wannan magana ce. Amma ta dogara da sau nawa za a riƙa tura gyara.

Mustapha: Ku bar ni in sa baki kan fayilolin UNIX ɗin, don na ga an tsallake su, kuma su ne suka fi cin mutane. Yaya Nafi'u, kada ka yi musu zip a kwamfutarka. Ka yi musu pax a kan z/OS ɗin kanta. Fayil a can yana da abubuwan da ba sa cikin jikinsa: izinin karantawa da gudanarwa, alamar teburin haruffa da chtag ke sawa, da siffofin extattr, irin wanda ke nuna furogiram mai izini na musamman ne. Zip na Windows bai san da su ba. Wajen buɗewa ma sai an ce wa pax ya riƙe su. Shi ya sa takardun Zowe, wata manhajar z/OS ta kyauta, ke cewa a buɗe nasu da pax -ppx -rf. Ka yi ls -T kafin ka naɗe, su ma su yi bayan sun buɗe, ku kwatanta.

Shi ma pax ɗin bainari ne wajen tafiya, amma shi ba ruwansa da 80, cikin kundin UNIX ake ajiye shi.

Tun da na ambaci Zowe, abin lura ne cewa su duka biyun suke bayarwa: akwai pax ga mai son ya buɗe ya fara aiki, akwai na SMP/E ga cibiyar da dokarta ta ce komai sai ya shiga CSI. Wato ko su ba su raba wannan gardamar ta Malam da Anti ba.

Issoufou: Maganar teburin haruffa ta tuna min abu. Na yi horon aiki a wani wuri a Faransa, a can allon 3270 ɗinsu a teburi na 297 yake. Inda littafi ya rubuta @ a sunan mamba, su à suke gani. Bayit ɗaya ne, 7C, fuskarsa ce ta bambanta.

Malam Garba: Haka ne ɗana. A Jamus, teburi na 273, wannan bayit ɗin § yake fitowa. A Ingila, na 285, inda Amurka ke ganin $ su £ suke gani. Shi ya sa nake hana yara sa @ da # da $ a sunayen da za su ƙetare iyaka, ko da yake tsarin ya yarda da su. Ko a cikin Amurka ma akwai 037 da 1047, sun saɓa a kan baka mai kusurwa. A 037 ta buɗewa BA ce, a 1047 AD. Ɓangaren UNIX 1047 yake bi. In rubutunka na REXX ko na shell yana da waɗannan alamomin, ka rubuta a takardar rakiya da wane teburi aka rubuta shi.

Nafi'u: Labari ya canza. An sake saukewa a bainari, RECEIVE ya karɓa, laburaren ya fito. Amma da suka gwada gudanar da aikin farko sai ya faɗi da S806, wato ba a sami furogiram ba. Na duba, furogiram ɗin da yake nema ba ya cikin abin da na tura, alhali a wajenmu sunan na nan.

Anti Rabi: Duba ko laƙabi ne, wato ALIAS. A jerin mambobi na ISPF za ka ga wanda yake nuni ga wani. Ta yaya ka ciro mambobin zuwa laburaren da ka yi wa XMIT?

Nafi'u: IEBCOPY da SELECT, na jera sunayen. Laƙabi ne kuwa.

Anti Rabi: To ka sake da COPYGRP maimakon COPY. Shi yana ɗauko mamba tare da laƙabansa. Kuma ka tabbatar laburaren da suke zubawa a can PDSE ne, sabon nau'in laburare. Tun daga Enterprise COBOL 5 abin da mai sarrafawar ke fitarwa ba ya zama a tsohon PDS. XMIT kan tafi da siffar laburaren, amma in wani ya riga ya ƙirƙiri nasa da hannu ya ce a zuba a ciki, nan ake samun matsala.

Malam Garba: Ka ga irin abin da nake faɗa. A MCS laƙabin a rubuce yake a jikin bayanin mamban. Ba ya dogara da ko mai kwafa ya tuna.

Anti Rabi: Sai dai in mai rubuta MCS ɗin ne ya manta, Malam.

Malam Garba: Ya manta sau ɗaya, ya gyara, ya zauna har abada.

Mustapha: Akwai hanya ta uku fa, kuma can IBM kanta ta nufa. z/OSMF, kayan kula da z/OS ta burauza, na iya naɗe manhaja a matsayin kunshi mai tafiya, wanda ake kira PSWI a taƙaice, kuma yana ɗaukar kayan da ke ƙarƙashin SMP/E da waɗanda ba sa ciki. Mai karɓa zai bi matakai a burauza, tsarin ya samar masa JCL ɗin da sunayen da suka dace da cibiyarsa. z/OS 3.1 da ta fito a 2023, ServerPac ɗinta ta wannan hanyar ake girka shi, tsohon allon ISPF na CustomPac ya tafi. A ƙarƙashi GIMZIP ne ke naɗe kayan, ya rubuta GIMPAF.XML mai jerin duk abin da ke ciki da hatimin SHA-1. In bayit ɗaya ya canza a hanya za a gane tun kafin a buɗe. Matsalar Yaya Nafi'u ta farko da tun a ƙofa aka kama ta.

Anti Rabi: In z/OSMF ɗinsu na tashe kuma an ba shi izinin Software Management. Ka taɓa neman wannan izinin a wajen masu RACF, wato masu tsaron tsarin? Ka shirya jira. Amma GIMZIP kaɗai ana iya gudanar da shi da JCL, kuma ba sai kayan na SMP/E ba ne. Su buɗe da GIMUNZIP. Wannan na yarda da shi.

Issoufou: Ni a gida Hercules nake wasa da shi, mai kwaikwayon babbar kwamfuta, da MVS 3.8j, kakan z/OS. Zan iya koyon SMP/E a kai?

Malam Garba: Abin da ke kai SMP4 ne, kakan SMP/E. Babu CSI irin na yanzu, amma RECEIVE da APPLY da ACCEPT na nan, tunanin ɗaya ne, kuma za ka ga ++PTF da ++USERMOD da idonka. TRANSMIT da RECEIVE na TSO ba su zo da wannan tsohon tsarin ba, masu sha'awa ne suka rubuta madadinsu, irin su RECV370. In kana son z/OS ta gaske, ka yi rajista a IBM Z Xplore, kyauta ne. Sannan ka leƙa CBT Tape. Tun 1975 mutane ke tara kayan aiki a wurin suna rabawa, kuma yau yawancinsu fayilolin XMIT ne a cikin zip.

Anti Rabi: Na gode Malam da ka kawo min hujja da kanka. Shekara hamsin ana raba manhaja tsakanin cibiyoyi ba SMP/E.

Malam Garba: Ana raba wa masu kula da tsarin da suka san abin da suke yi, kuma in ya fashe ba wanda za su kira da dare.

Anti Rabi: Nafi'u, ga abin da zan yi in ni ce, ka ɗauka ko ka bari. Ka yi wa kowane laburare XMIT nasa. Tunda kowane sakamako FB 80 ne, ka zuba su a matsayin mambobin laburare guda, ka ƙara mamba na bayani da mamba na JCL da zai buɗe sauran, sannan ka yi wa wannan ɗin XMIT. Fayil ɗaya ke nan zai yi tafiya, sai pax ɗin Mustapha. In ya yi nauyi ka matse shi da AMATERSE, amma ka tuna nasa tsawon layin 1024 ne, ba 80 ba, ka rubuta musu haka ɓaro-ɓaro.

A mamban bayanin ka sa sunan kowane laburare, siffarsa, PDS ne ko PDSE, yawan mambobi, da filin da yake ci. Filin nan kada ka yi masa rowa. Tirak ɗin faifan 3390 bayit 56,664 ne, silinda tirak 15, ka lissafa ka ƙara, ka kuma ba da filin ƙari, in ba haka ba D37, wato fili ya ƙare, na jiransu. A JCL ɗin kada ka kafe sunayenku. Sunan fayil ba ya wuce harafi 44, kowane yanki 8, in farkon sunansu ya fi naku tsawo zai iya ƙetarewa. Ka sa SET a sama su cike nasu. Kada rubutun JCL ya wuce gurbi na 71. Mun gaji wannan daga katin IBM mai gurbi 80 na 1928, har yau muna biya.

Sai lambar fitarwa a cikin sunan laburaren, da wani ƙaramin mamba da ke faɗin matakin da ake kai. Wannan shi ne amsar kiran daren Malam.

Malam Garba: Amsa ce, in kowa ya kiyaye. Tambaya ɗaya Nafi'u: akwai furogiram a ciki da ke buƙatar APF, wato izini na musamman daga tsarin?

Nafi'u: Babu, Malam. COBOL ne zalla da rumbun bayanai na Db2.

Malam Garba: To da sauƙi. Da akwai, da ban saurari Rabi ba sam, domin laburaren da aka sa a jerin APF ba wurin da ake zuba kaya da hannu ba ne. Amma ka ce Db2. Ina DBRM ɗin, wato umarnin SQL da aka ciro daga furogiram ɗin? Ba ka lissafa su a kayanka ba. In ba su yi BIND da DBRM ɗin da ya fito tare da wannan furogiram ɗin ba, SQLCODE -805 ko -818 za su gani.

Nafi'u: Laburare na huɗu ke nan. Zan ƙara. Game da yawan gyara kuma, na tambaya, an ce kusan kowane wata za mu riƙa tura musu, kuma akwai maganar cibiya ta biyu a baɗi.

Anti Rabi: Kowane wata, cibiya biyu? To wannan karon ka tura yadda na ce don aiki ya tafi. Amma ka gaya wa shugabanku ya ware maka lokaci ka zauna da masu kula da tsarinku kan SMP/E kafin ta biyun ta shigo. Ban ce na sauka daga ra'ayina ba, lissafin ne ya canza.

Mustapha: Kafin ka naɗe, Yaya, duba jerin da mai sarrafa COBOL ya fitar ka ga ARCH nawa aka sa, wato matakin injin da aka sarrafa dominsa. ARCH(14) na z16 ne, 13 na z15, 12 na z14. In injinsu ya girmi wanda aka sarrafa dominsa, furogiram zai iya cin karo da umarnin da injin bai sani ba ya faɗi da S0C1. Ka tambayi har injin da suke komawa in an yi gobara, shi ne yawanci tsoho.

Nafi'u: Na duba. Namu ARCH(13) ne. Babban injinsu z15, amma na ko-ta-kwana z14 ne. Sai an sake sarrafa duka da 12, kuma sun riga sun kwafi na jiya zuwa na'urar gwajinsu.

Malam Garba: To ga facinka na farko ya iso tun ba a gama girkawa ba. Wace lamba za ka ba shi, kuma a ina za a rubuta cewa ya maye gurbin na jiya?

Anti Rabi: R102 a sunan laburare, Malam, su goge R101. Nafi'u, ka sake fitar da DBRM ɗin tare da su, kada ka haɗa sabon furogiram da tsohon DBRM.